Hannun Rigar da Na Mayar

Ana idar da sallar asuba muka fito daga gida a Funtuwa, ni da 'yata ta fari, da jaka ɗaya da na ɗaure da igiya duk da zif ɗinta lafiya lau yake. Babansu ya raka mu har bakin titi yana jaddada mini in riƙe waya a hannu, kamar bai san halina ba. Tun da dare na cika ta da caji, na kuma rubuta lambarsa a takarda na cusa a lalita ko da za a sace wayar. Ku da kuka daɗe kuna bibiyar shafina saboda hotunan ɗinki kun san ni ba mai yawo ba ce. Rabona da Kaduna tun sunan ɗan ƙanwata na biyu, yau ga shi yana aji huɗu.

Bari in fara faɗa muku abin da ya kai mu, don kar ku ɗauka biki ne. Yarinyar nan shekararta ashirin, kuma tun tana ƙarama take da in'ina. In ta fara magana kalma ta maƙale, sai ta sunkuyar da kai ta bar zancen. Da ta samu waya sai ta kamu da kallon katun ɗin mutanen Japan, wanda suke kira anime. Daga nan ta shiga wani guruf na masu son abin, inda kowa yake ɗaukar mutum ɗaya daga cikin fim ya zama shi, suna amsa wa juna a rubuce kamar masu wasan kwaikwayo. Wata rana na leƙa wayar na ga layi a kan layi, na ce wa ya rubuta wannan duka, ta ce ita. A rubuce ba ta da in'ina. To 'yan guruf ɗin ne suka shirya haɗuwa ido da ido a Kaduna, kowa ya zo da kaya irin na wanda yake kwaikwaya. Wannan sa kayan shi ne kosfile. Za a yi gasa, kowa zai hau dandamali ya nuna nasa, ita da wata ƙawarta za su hau tare, kuma akwai magana ɗaya da za ta faɗa da baki a gaban mutane. Tun da na haife ta ban taɓa ganin ta nemi tsayawa gaban mutane ba sai wannan karon.

Sau biyu na je wurin malamarmu ta Islamiyya a kan maganar. Ta ce in dai kayan sun rufe jiki, ba na maza ba ne, ba kuma bautar wani abu ake yi ba, to tufafi ne kamar sauran tufafi. Da na koma karo na biyu ta yi dariya ta ce amsar ba ta canza ba tun ranar Talata. Babansu ya ce ya yarda in dai ƙafata ƙafarta.

Ni na ɗinka kayan daga hoton da ta nuna mini. Doguwar riga ce shuɗiya ta wata yarinya mai magani da ke yawo ƙauye-ƙauye. A maimakon farin gashin yarinyar fim ɗin, 'yata za ta sa farin hijabi, a ciki kuma baƙar riga mai dogon hannu. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Hannun hagu na shuɗiyar rigar a yage yake daga saman gwiwar hannu, zare na reto. Ta tsaya a kaina har na yanke shi haka, raina bai so ba. Ana gobe tafiya, ta fita karɓo takalmi, ina cikin goge rigar sai ga wata maƙwabciya ta kawo ɗinki. Ta kalli hannun ta ce, "Ikon Allah, ɓera ne ya yi miki wannan ta'asar?" Tana fita na ji zuciyata ta kasa zama. 'Yar tela guda ta tsaya gaban mutanen Kaduna da yagaggen kaya, a ce uwarta tana zaune a wurin? Ina da ragowar yadi. Na cire yagaggen hannun na sa sabo cikakke, na bi shi da ɗinki biyu, na kalmashe baki, na ninke rigar na sa a ƙasan jaka. Dalilin igiyar nan ke nan, don kar ta buɗe kafin mu isa.

Motar ba ta cika ba sai da gari ya yi haske sosai. Kuɗin mota kuwa, da ɗan kamasho ya faɗa sai da na sake tambaya, na ɗauka na mutum biyu ya haɗa. Muka samu kujerar tsakiya, buhun masara a ƙarƙashin ƙafafunmu, wani dattijo a gefe da kaji biyu a kwando. Damina ta yi kyau a hanyar Giwa, masara ta fi mutum tsawo hagu da dama, dawa ta fara fitar da kai. Ni dai ban more kallon ba. Duk ramin da muka faɗa sai in waiga in ga ko but ɗin motar da aka sa jakarmu ya buɗe, in ya buɗe ma ban san wanda nake so ba, jakar ta faɗi ko ta tsira. 'Yata kuwa tana jikin taga, leɓenta na motsi. Maganar da za ta faɗa take maimaitawa a hankali.

A Kwangila ta Zariya muka tsaya aka sauke mai kaji. Na sayi masa mai zafi da ƙuli a wurin wata mata, masar ƙanana kamar an auna da murfin kwalba, amma ta yi daɗi. Direba ya waigo ya tambayi yarinyar inda za mu sauka. Ta buɗe baki, na riga ta na ce Kawo. Daga Zariya titin ya buɗe, direban ya sake wa motar linzami, ni kuma na kama salati. Wajen Jaji kowa ya ajiye waya ya nutsu saboda sojoji. A Mararrabar Jos manyan motoci sun yi layi gefe da gefe, tankoki da tireloli, direbobi na wanke fuska a gindin taya. Da muka iso Rigachikun mata suka yanyame motar da dafaffiyar gyaɗa da gwaiba da tumatir a faranti. Na sayi gwaiba don yaran ƙanwata, mai sayarwar ta rantse ba tsutsa, biyu daga ciki suka ƙaryata ta daga baya.

Daga Kawo muka hau napep zuwa Malali. Unguwar ta cika fiye da yadda na san ta, inda na bari fili yanzu shago ne, mai cajin waya kusa da mai wankin kai kusa da mai sayar da ruwan leda. Ƙanwata ma'aikaciya ce, mijinta ma haka, kuma bakinta ba ya ajiye magana tun muna yara. Ta tare mu da shayi da ƙosai tana tsokanar yarinyar, wai yau za ta ga 'yar Japan ta Funtuwa. Muna gama karyawa yarinyar ta ɗauki jaka ta shiga ɗaki. Na zauna ina jin ƙarar kwance igiya.

Ta fito riƙe da rigar a hannu biyu. Ba ta yi kuka ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi.

"Umma," ta ce, "wa ya, wa ya..."

"Ni na mayar," na ce. "Ai ya fi kyau haka. In ba ki so, ga almakashi a jakata, yanzu sai in sake yankewa."

Ta girgiza kai. Ta daɗe tana kokawa da kalmar kafin ta fito. "Ba zan je ba. Ku-kunya nake ba ki."

Ta ajiye rigar a kan kujera ta koma ɗaki ta turo ƙofa. Ƙanwata ta ɗaga hannun rigar ta duba ciki da waje.

"Yaya, har ɗinki biyu? Wannan ko ɗan dambe ba zai yaga shi ba."

"Ke, ba wasa nake ba."

"Ni ma ba wasa nake ba. Ke komai kika gani da ɓaraka sai kin toshe. Ko tambayar da ta yi miki yanzu, kin bar ta ta ƙarasa?"

Na zauna da rigar a cinya, ina lissafa wahalar da ta sha kafin babanta ya yarda, da watannin da ta yi tana maimaita magana ɗaya a bayan ɗaki. Na kawo ta har Kaduna na kuma hana ta da hannuna.

Muna haka sai ga sallama. Ƙawar da za su hau tare ce ta zo ɗaukarta daga Rafin Guza, siririya mai fara'a, ta sa koren kaya a ƙarƙashin hijabi, tana riƙe da kwandon ganye na roba. Ba su taɓa ganin juna ba sai a waya. Ta durƙusa ta gaishe mu, idonta ya sauka a kan rigar, fara'ar ta ragu. Na tambaye ta abin da ya kamata in tambayi 'yata tun ranar da ta nuna mini hoton, na ce wai me ya sa hannun yake a yage.

"Mama, ai duk labarin a hannun nan yake," ta ce. "Ni ce ƙanwarta a fim ɗin. An ji mini ciwo a daji, babu abin ɗauri, sai ta yage hannun rigarta ta ɗaure mini, ta tafi neman taimako. Kafin ta dawo an tafi da ni. Shi ne ta ƙi ɗinke rigar har sai ta gan ni. Duk wanda ya san fim ɗin da hannun yake gane ta. In ya cika, wata ce daban."

Na ji kamar an zuba mini ruwan sanyi. Na tashi na je bakin ƙofar ɗakin. Kun san al'adarmu da 'yar fari, ba na kiran sunanta, ba na sakar mata fuska a gaban mutane, balle in ba ta haƙuri. Sai na juya wajen ƙanwata na ɗaga murya yadda za a ji a ciki, na ce, "Ki faɗa wa 'yarki ban san labarin ba."

"Ni 'yar aike ce?" ƙanwata ta ce. "Ga ƙofa nan, ba a kulle take ba."

Na tura. Tana zaune a bakin gado. Na kalli bango na ce mata na yi kuskure, ta yi haƙuri, kuma ba ita ke ba ni kunya ba, tsoron bakin mutane ne ya yi mini yawa tun ina yarinya. Ban taɓa jin magana ta yi mini nauyi a baki kamar wannan ba. Ta share ido da bakin hijabi.

Ƙawar ce ta leƙo ta kawo dabara. Ta ce tun da hannun ya cika, me zai hana a yage shi a kan dandamali, a gaban kowa, kamar yadda aka yi a fim. Yarinyata ta ɗago kai. Nan kuma aikina ne. Na karɓi reza na zauna a tabarma na farke ɗinkina biyu, na mayar da hannun da allura da zare ɗaya, ɗinki mai nisa-nisa yadda ja ɗaya zai cire shi. Tun da na fara sana'a ban taɓa yin ɗinki don ya lalace ba. Hannuna ya yi ta ƙara ɗauri da kansa, ƙanwata na tsaye a kaina tana cewa, "Yaya, na gan ki."

Ɗakin taron da suka kama ba shi da nisa, wajen Unguwar Rimi. Tun daga ƙofa na riƙe jakata da kyau. Ga wani da gashin roba ja a tsaye kamar wutar kara, ga wata da kunnuwan kyanwa a kan ɗankwali, ga wani dogo da sulke tun daga kafaɗa har gwiwa. Na matsa na taɓa, ashe soson katifa ne da kwali aka shafa wa fenti. Ya ce wata biyu ya yi yana haɗawa bayan ya tashi daga wurin gyaran janareta. Hausarsu irin ta Kaduna, rabi Turanci, amma duk wanda ya gan ni sai ya rusuna ya ce sannu Mama, har wani mai ƙahon shaiɗan da na yi niyyar kauce wa. Na lura da ɗinkunansu, wasu da gam aka manna, wasu da fil, wata yarinya ma da abin maƙala takarda ta kama bakin siket. Na danne zuciyata na wuce.

Abin da na gane a zaman da na yi shi ne ba kayan kawai suke so ba. Ba a tambayar ɗan wane ne kai, ko me ka ci a jarrabawa. Ana ganinka za a kira sunan wanda ka zama, a yi ihu, a zo a ɗauki hoto da kai. Wata mai kunnuwan kyanwa ta ce mini a ofis ba ta iya kallon idon ogarta, amma in ta sa kayan nan ko gwamna za ta iya yi wa tsawa. 'Yata tana shiga 'yan guruf suka kewaye ta, waɗanda shekara biyu suna magana ba su san fuskar juna ba. Na ga tana dariya har haƙoranta a waje.

Tun a hanya nake tunanin yadda za a yi da azahar. Ashe sun riga ni. Lokaci na yi mai magana a lasifika ya ce a tafi salla. Aka jingina takubban kwali a bango, aka cire gashin roba aka yi alwala, 'yan uwanmu Kirista suka zauna gadin kayan. Bayan salla aka sayar da shinkafa da soyayyar ayaba a roba, shinkafar ta yi yaji, naman kuwa sai ka yi bincike.

Su ne na tara a hawa. Ƙawar ta kwanta a ƙasa ta riƙe hannu kamar mai ciwo. 'Yata ta durƙusa a kanta, ta kama hannun rigar ta ja. Bai fita ba. Ƙanwata ta juyo ta harare ni. Ta sake ja, zare biyu suka tsinke, sauran suka riƙe. Wani daga baya ya ce, "Wane tela ne wannan? A ba mu lambarsa!" Aka kwashe da dariya, ni kuma na ja mayafi na rufe rabin fuska. A ja na uku ta sa ƙarfinta duka, hannun ya fita da ƙara har ƙarshen ɗakin, wurin ya ɗauki ihu. Ta ɗaure wa ƙawar, ta karɓi abin magana.

"Riƙe nan," ta ce. "Ka... ka... ka..."

Ta maƙale. Na san sauran maganar, na ji ta sau ɗari a bayan ɗakinmu, har ta hau kan harshena. Ƙanwata ta damƙe mini cinya. Na duba ɗakin ina jiran dariya ko tsaki. Babu wanda ya yi motsi. Yaran nan masu gashin roba da ƙaho suka yi tsit suna jiranta, kamar ba su da wani wurin zuwa.

"Kar ki saki," ta ce. "Ina dawowa."

Ƙanwata ta saki guɗa irin ta ɗaurin aure. Ni ban yi guɗa ba, ba a yi wa 'yar fari, amma mayafina ya jiƙe. Ba su ci gasar ba, mai sulken katifa ne ya ci, kuma ya cancanta. Da muka fito mutum huɗu suka karɓi lambata, har da wanda ya yi tsokanar. Na ce musu sai na ga hoto tukuna, in kayan ba su rufe jiki ba kar ma su kira.

Muka kwana a Malali, da safe muka kama hanya daga Kawo. An yi ruwa da sassafe, titin ya wanku, direban wannan karon dattijo ne mai tafiya a hankali, na yi ta sa masa albarka a zuci. Kafin la'asar muna Funtuwa.

Ina gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Ina gode wa ƙanwata da bakinta, da yarinyar Rafin Guza, da yaran da ban san sunayensu ba da suka jira 'yata ta gama magana. Na je Kaduna da niyyar tsare ta daga baƙin mutane, na tarar ni ce ban iya zama da ita ba. Iyaye 'yan uwana, in yaro ya kawo muku abin da ba ku gane ba, ku tambayi labarinsa kafin ku ɗauko allura.

Da muka shiga gida Babansu yana zaune a tabarma a tsakar gida, ya ce to, yaya Kaduna. Ni ya kalla, don ni na saba bayani. Na ce ya tambayi mai tafiyar, ni rakiya na yi. Ta zauna a gefen tabarmar ta fara tun daga Kwangila. Ta maƙale a wurare da yawa, shayinsa ya huce a hannu, ni kuma ina bakin murhu na cije leɓe. Sai da aka kira magariba ta kai ƙarshe, kuma ita ta kai shi.